Ranar da Nagane Ya Yi wa Mota Wankin Ciki

A layinsu babu mai kiran telan nan da sunansa na yanka. Nagane ake ce masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane." Mai kawo ɗinki ya fara bayanin irin wuyan rigar da yake so, na gane. Likita ya fara faɗin yadda za a sha magani, na gane. Da wannan ganewar ya taɓa ɗinka wa wani bawan Allah wando mai aljihu a gwiwa, kuma ya dage cewa abin da ake yayi ke nan.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, duk layin Sista suke ce mata. Shekara shida ta yi tana matse bakin aljihu kafin ta sayi wata 'yar farar mota ta hannu. Da ita take ajiye yara a makaranta, da ita take tsallaka gari zuwa asibiti. Ba ta yarda a jingina da motar, balle a ɗora mata kofin shayi a ka.

To, sai motar ta fara wani ɗan ciwo. In ta tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci har da shaƙuwa. Aka kuma tura Sista kwas na kwana biyu a wani gari. Ta kai yara gidan ƙanwarta, ta dawo ta miƙa wa mijinta makulli.

"Maigida, ranar Asabar da safe ka kai ta gareji. Na riga na yi wa bakanike waya. Ka kai ta kawai, ka ba shi makulli, in ya gama ka zo tasha ka ɗauke ni ƙarfe huɗu. Kuma man da ke ciki ya kusa..."

"Na gane."

"Ban gama ba."

"Ai na hango inda za ki. Ki sauka lafiya."

Ranar Asabar ya fito da niyyar gareji, tsakani da Allah. Sai ya tsaya a shagon kayan mota zai sayi man keken ɗinki. A kan kanta ya ga wasu 'yan kwalabe jajaye a jere, kowace da hoton inji yana ƙyalli.

"Wannan fa?"

Mai shago ya ce, "Maganin wanke injekta ne, wato 'yan bututun da ke fesa mai a cikin inji. In sun yi datti mota takan yi karkarwa. Amma kwalba ɗaya ake zubawa a..."

"Na gane. Nawa suke a kwali?"

"Goma sha biyu. Amma kai mota nawa gare ka?"

"Ɗauko kwalin."

Kafin ya iso gida ya gama tsara rayuwarsa. A layinsu kaɗai mota goma sha huɗu ce. A garin kuwa Allah kaɗai ya san adadi, kuma kowace da dattinta a ciki. Me zai zauna yana yi da zare da allura, ido na ƙarewa, baya na ƙagewa? Asibitin mota zai buɗe. Bana shago ɗaya, baɗi reshe uku, shekarar da ke biye kanikawa su zo neman aiki a wurinsa. In Sista ta dawo ta tarar da motarta ta warke ba tare da kowa ya taɓa ta da sifana ba, daga ranar za ta san wanda take aure.

Ya ajiye motar a ƙofar shagonsa. Abu na farko da ya ga ya dace shi ne kayan aiki, don ba a likita da rigar gida. Ya duba bai ga yadi mai kauri ba sai ragowar labulen wata mata, kore mai manyan furanni rawaya. Cikin awa ɗaya ya ɗinka riga haɗe da wando irin ta kanikawa, ya yi mata aljihu takwas. Ya sami kwali ya rubuta: ASIBITIN INJI, WANKIN CIKI NAN TAKE. Ya rataye a ƙofa.

Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na Nagane, ya leƙo da almakashi a hannu. Ya dubi rigar tun daga sama har ƙasa.

"Nagane, taga ce ta fito shan iska?"

"Jahilci dai ba kyau. Kayan injiniya ne."

"Yaushe ka zama injiniya?"

"Keken ɗinki ba inji ba ne? Shekara ashirin ina tuƙa shi, ko sau ɗaya bai taɓa mutuwa a hanya ba."

"Ina ya taɓa zuwa?"

Nagane bai kula shi ba. Ya shiga layi yana ƙwanƙwasa ƙofofi, yana gayyatar masu motoci su zo su ga aiki da idonsu. Kafin azahar mutum kusan ashirin sun taru, har da tsohon hedimasta na gidan kusurwa, wanda ya zo da kujerarsa da tabaransa. Yana da wata tsohuwar mota da yake so kamar ransa, kuma Nagane ya riga ya sa ta a lissafi, ita ce majinyaciya ta farko bayan ta Sista.

Nagane ya buɗe tanki, ya ɗaga kwalba sama yadda kowa zai gani.

Hedimasta ya ce, "Tela, miƙo in karanta maka abin da aka rubuta a jiki."

"Baba, rubutun nan don waɗanda ba su sani ba aka yi shi."

"Shi ya sa na ce ka miƙo."

Mutane suka yi dariya. Nagane ya juye kwalbar a tanki, ya shiga ya tayar da mota. Ta tashi, ta ci gaba da karkarwarta kamar ba a yi komai ba.

Mai aski ya ce, "Ta warke ke nan?"

"Kai in ka sha ƙwaya ɗaya kakan miƙe nan take? Ciwon ya daɗe a jikinta. Sai an ƙara."

Ya ƙara kwalba uku. Abin da Sista ta so faɗa masa shi ne man da ke tankin bai fi a jiƙa maƙoshi ba, don haka yanzu maganin ya kusa fin fetur yawa. Motar ta yi tari sau biyu, ta saki wani farin hayaƙi ta salansa, mai warin da ya sa hedimasta ya ja kujerarsa baya. Wata mata da ta shanya wanki a kan katanga ta fito da gudu tana kwashewa.

Nagane ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Dattin shekara da shekaru ne yake fita. Duk wannan a cikinta yake."

Mai aski ya toshe hanci. "To yanzu ya koma cikinmu."

Karkarwar kuwa sai ta ƙaru. Da can sitiyari kaɗai ke rawa, yanzu har madubi da lamba. Nagane ya zagaya motar sau biyu, hannu a haɓa. Sai ya tafa hannu.

"Na gano kuskuren masu yin maganin nan. Jama'a, ina inji yake?"

Aka ce, "A gaba."

"Ina tanki?"

"A baya."

"To in riga ta yage a wuya, a gindi ake yi mata faci? Kafin magani ya taso daga baya ya iso gaba ai ya gaji. Inda ciwo yake nan ake sa magani."

Wasu har sun gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da hankali. Hedimasta ya ce, "Ɗana, mota ba riga ba ce."

"Baba, ilimi duk ɗaya ne, rassa ne suka bambanta."

Ya kashe motar, ya ɗaga murfin inji. Sai da ya yi minti biyar yana neman sandar da ke tokare shi, a ƙarshe ya sa wani maƙwabci ya riƙe da hannu. Bai san kamannin injekta ba, amma ya ga murafu har uku, ya ce lallai tana ƙarƙashin ɗayansu. Ya buɗe na baƙin mai ya zuba kwalba biyu. Ya buɗe wani mai shuɗin murfi, wanda na ruwan wanke gilashi ne, ya zuba biyu.

Mai aski ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Rigakafi."

Saura murfi na uku, na lagireto, inda ruwan sanyaya inji yake. Motar ta daɗe a kunne, ƙarfen ya ɗauki zafi. Hedimasta ya miƙe tsaye yana cewa kada ya taɓa, amma Nagane ya riga ya naɗe hannu da ƙyalle ya murɗa. Murfin ya yi tsalle sama kamar an harba shi, ya doki allon shagon mai aski, ya gangara cikin kwata. Ruwan zafi ya biyo baya. Maƙwabcin da ke riƙe da murfin inji ya saki ya arce, murfin ya sauko ya dafe hular Nagane a ciki. Allah ya taimake shi ya riga ya janye kansa.

Taron ya watse zuwa tsallaken titi. Daga can mai aski ya ɗaga murya.

"Injiniya, wannan ma dattin ne?"

Nagane ya shafa kansa, ya tabbatar yana nan. "Gumi ta yi. Duk majinyacin da ya yi gumi ya kama hanyar sauƙi."

Da tururin ya lafa ya zaro hularsa, ta yi laushi kamar an dafa ta. Ya leƙa lagireto ya ga ruwa ya ragu sosai. Ya ce ai an huta, wuri ya samu. Ya zuba kwalba biyu a ciki. Murfi kuwa ya tafi, don haka ya yanko guntun labulen da ya rage, ya cusa a bakin, ya ɗaure da zare ninki huɗu.

Ya juya wurin hedimasta. "Baba, a kawo taka yanzu ko sai gobe?"

Hedimasta ya naɗe kujerarsa. "Tawa ta gode. Ta ce ta saba da ciwonta." Ya tafi gida, aka ji yana sa wa ƙofar garejinsa kwaɗo.

Wannan ya sosa wa Nagane rai. Ya duba agogo, huɗu saura kwata. Ya ce, "Mota a kan titi ake gane lafiyarta. Yanzu zan je tasha in ɗauko Sista. Duk mai shakka ya shigo."

Babu wanda ya motsa. Ya dubi mai aski. "Kai da ka fi kowa baki, tsoro kake ji?"

"Tsoro nake ji. Amma in ban je ba wani ne zai ba ni labari, kuma ba zai iya ba da shi daidai ba." Ya rufe shago ya shiga gaba, ya ɗaura bel, ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

Kafin su tashi Nagane ya juye sauran kwalba biyun a tanki, ya ce guzuri ne.

Suka ɗauki hanya, motar tana tafiya tana zabura kamar akuyar da ake ja kasuwa. Hayaƙi ya bi su a baya, masu babura suna kaucewa. Mai aski ya nuna gaban sitiyari.

"Jar fitila ta kama."

"Alama ce magani ya isa wurin."

"Ga wata ta kama."

"Ya isa can ma."

"Ga ta uku, mai hoton famfon gidan mai."

"Kai aski ka iya ko karatun fitila?"

Wani tsuntsu ya yi wa gilashin gaba kashi. Nagane ya ce yanzu za ka ga aikin rigakafi. Ya ja sandar fesa ruwa. Maganin ya feso, waifa ta bi ta shafe shi ko'ina, gilashin ya koma kamar an goga masa man shafawa. Ya ƙara fesawa, robar waifar ta fara barin baƙin zane. Titi ya ɓace gaba ɗaya. Nagane ya sauke gilashin gefe ya fitar da kai waje, yana tuƙi yana leƙe. Mai aski ya fitar da nasa ta ɗaya gefen yana ba shi rahoto.

"Dama. Dama na ce. Wannan hagu ce."

"Damar wa, tawa ko taka?"

"Mota ɗaya muke ciki, Nagane."

A haka suka iso babban shataletalen da ke gaban tasha, inda hanyoyi biyar suka haɗu. Suna kaiwa tsakiya motar ta yi shaƙuwa sau uku, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta mutu. Guntun labulen ya fice, tururi ya turnuƙe ta ko'ina. Nagane ya murɗa makulli, ta yi kuka ta yi shiru. Ya sake, ko kukan ba ta yi ba.

Kuma ba a gefe ta mutu ba, a gicciye ta tsaya. Wata doguwar motar kaya da ke bayansu ta kasa wucewa, ita kuma ta tare hanya biyu. Cikin minti goma hanyoyi biyar ɗin sun cushe. Hon ta ko'ina. Wani mai shago ya ga hayaƙi ya ɗauka gobara ce, ya rugo da bokitin ruwa ya watsa, rabi a kan mota, rabi a kan Nagane. Furannin rigar suka manne masa a jiki.

Ɗan sandan da ke ba da hannu ya ratso motoci ya iso, yana share gumi.

"Waye direba?"

Mai aski ya nuna da yatsa. "Ga injiniya nan, Yallaɓai. Ni fasinja ne, ko sanin sa ban yi sosai ba."

Nagane ya gyara tsayuwa. "Yallaɓai, ba lalacewa ta yi ba. Tana hutawa ne bayan magani."

"A tsakiyar shataletale?"

"Majinyaci ba ya zaɓen inda barci zai ɗauke shi."

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi rigar, ya sa aka turo motar gefe. Mutum shida suka tura, Nagane yana riƙe da sitiyari ta taga yana ba su umarni, babu mai sauraronsa. 'Yan kallo suka kewaye su, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka.

Ana cikin haka sai ga Sista ta ratso taron da jakarta a kafaɗa. Nagane ya hango ta. Ya yi ƙoƙarin ɓuya a bayan mai aski, amma mutumin da ke sanye da labule ba ya ɓuya.

Ta tsaya ta dubi lambar motar, ta dubi gilashin, ta dubi ruwan da ke ɗiga a ƙasa. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

"Na jira ka a tasha ban gan ka ba, na hau tasi. Rabin awa muna tsaye wuri ɗaya. Direban yana ta zagin wanda ya tare hanya, yana cewa wane irin sakarai ne wannan, wace mace ce ta haƙura da shi. Ni kuma ina taya shi. Har na ce masa Allah ya ba matar haƙuri."

Mai aski ya ce, "Amin."

"Uwargida, bari in yi miki bayani. Ita injekta..."

"Ka kai ta gareji?"

"Garejin ne ya zo gida."

Ta ciro waya ta kira bakanike. Garejinsa ba nisa, ba a jima ba ya iso a kan babur da akwatin kayan aiki. Ya ɗaga murfin inji, ya zaro sandar auna baƙin mai ya shinshina. Ya leƙa lagireto ya shinshina. Ya buɗe shuɗin murfin ya shinshina. Sannan ya ɗago a hankali.

"Sista, wa ya yi wannan?"

Duk taron suka nuna Nagane, har waɗanda yanzu suka iso.

"Maigida, kwalba nawa ka zuba?"

"Goma sha biyu kacal."

"A ina da ina?"

"Duk inda na ga ƙofa."

Mai aski ya ɗauko ɗaya daga cikin kwalaben da aka juye a ƙasan kujera ya miƙa. Bakanike ya juya bayanta ya nuna rubutun.

"Maganin ba shi da laifi, ni ma ina zuba wa motoci. Amma kwalba ɗaya ce, a tanki kaɗai, kuma tankin a cike da mai. Ga shi nan an rubuta, har da hoto saboda wanda bai iya karatu ba. Kai ka zuba shida a tankin da babu komai, ka tsinka baƙin mai, ka zubar da ruwan lagireto. Ba don mai ya ƙare ta mutu da kanta ba, da ka ƙara minti biyar injin ya ƙone, sai dai a sayar da ita a kilo."

Nagane ya ɗaga yatsa. "Ka ji ko? Ashe lissafina ya yi daidai. Da na sa mata mai da yanzu ta ƙone."

 Sista ta ce, "To ita karkarwar da na kira ka a kanta fa?"

Bakanike ya sunkuya ya duba. Ya sa babban yatsa ya danna wata waya da ke kan fulogi, aka ji ta yi ƙas.

"Ita ce wannan. Ta ɗan saki ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da ya kawo ta da safe ko zama ba zai yi ba. Yanzu kuwa sai ta kwana uku a wurina. A juye baƙin mai, a wanke lagireto, a sauke tanki, a sake waifa."

Kwana uku ke nan Sista za ta yi tana bin motar haya da yara biyu da jakunkunansu. Ta rufe ido ta buɗe. Nagane ya matso yana matse ruwa daga aljihu na bakwai.

"Amma dai ka yarda cikinta ya wanku."

Bakanike ya ce, "Ya wanku. Har inda ba a wankewa ya wanku."

Ɗan sandan ya dawo da ɗan littafinsa da biro, ya ce sai ya rubuta rahoto, don an tare hanya kusan awa guda. Ya dubi Sista, da alama ita kaɗai ya ga za a iya magana da ita.

"Hajiya, motar taki ce?"

"Tawa ce, Yallaɓai."

Ya rubuta. Sannan ya nuna Nagane da biro, yana tsaye a jiƙe cikin furanni, da dafaffiyar hula a ka.

"Wannan fa?"

Sista ta daɗe tana kallon mijinta. 

"Shi ma nawa ne," in ji ta. "Ita dai motar an ce kwana uku."